Hausar Kasuwar Motoci: Darasi ga Mai Neman Motar Hannu da Ƙaramin Ƙarfi

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun saba neman Hausa a cikin littattafai da waƙoƙin baka da bakin tsofaffi, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai wata Hausa da ake ƙerawa kullum a gareji da tasha da filayen sayar da motoci, wadda ba kasafai muke waiwayarta ba. A wannan rubutu ina so in haɗa abu biyu. Na farko, in yi nazarin kalmomi da salon maganar da ake amfani da su a cinikin tsofaffin motoci. Na biyu, in nuna wa ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta tara 'yan kuɗi kaɗan yadda za a zaɓi mota mai araha wadda ba za ta mai da mutum ɗan gidan bakanike ba. A ganina abubuwan biyu ba sa rabuwa, domin kuwa da baki ake sayar da tsohuwar mota kafin ido ya gan ta, kuma yawancin waɗanda aka cuta a wannan kasuwa ba ƙarya tsagwaronta aka yi musu ba. Magana aka gaya musu mai fuska biyu, suka ɗauki fuskar da ta yi musu daɗi.

Tokumbo, 'yar Kwatano da ta hannu

Kafin mutum ya tambayi kuɗi, sai ya san sunan abin da yake tayawa. A kasuwa an raba tsofaffin motoci gida biyu: wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, da wadda aka riga aka hau a nan gida.

Ta farko ita ake kira tokumbo. Abokan karatunmu Yarabawa sun fi kowa sanin asalin wannan kalma, domin daga harshensu ta fito, inda take nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, kuma suna ne da akan raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. Bahaushe ya are ta, ya mayar da "n" ɗin da ke gaban "b" ta koma "m", kamar yadda ƙa'idar naso ta tanada a kalmomi irin su tambaya da ambaliya. Akwai kuma sunaye biyu da aka samo daga wuri. Ana cewa Beljiyam, saboda ɗimbin tsofaffin motocin Turai da aka riƙa lodowa daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam. Har ta kai yau ko kayan gyara ne aka kwance daga motar waje, Beljiyam ake ce musu, ko da daga Japan suka fito. Ana kuma cewa 'yar Kwatano, saboda tashar ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin, wadda ta daɗe tana zaman ƙofar shigowar motoci. A da, wasu ta Seme suke biyowa zuwa Legas, wasu kuma a haura da su Jamhuriyar Nijar sannan su gangaro ta iyakokin Arewa. Wannan shi ake kira faɗaɗa ma'ana: sunan gari ya zama sunan kaya.

Ta biyu ita ce motar hannu, wato wadda ta fito daga hannun wani mai hawa a cikin ƙasa. Ga mai ƙaramin ƙarfi a yau, yawanci nan ne kuɗinsa suke kai shi.

Ba haka abin yake ba tun asali. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a shekarar kuma Volkswagen ya fara nasa a Legas, kuma a wancan zamani ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rance ya sayi sabuwa dal a leda. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai kasuwar tokumbo ta buɗe. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai ita ma tokumbon ta yi wa mutane da yawa nisa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya bar kalmominsa a bakin mutane.

Yadda kalmomin suka zama Hausa

Mota baƙuwa ce a ƙasar Hausa, don haka yawancin sunayen sassanta aro ne daga Ingilishi. Amma Hausa ba ta karɓar baƙo sai ta yi masa kaciya. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka sai a cusa wasali a tsakani: daga nan muka sami birki da kuloci da fulogi da sitiyari da direba. Sautin "p" yakan koma "f", shi ya ba mu fetur da fenti da faci da Fijo. Sautin "v" yakan koma "b", kamar a direba da bawul da sabis. Sannan yawancin kalmomin akan ƙara musu wasali a ƙarshe, in ban da waɗanda suka ƙare da baƙaƙe irin su "r" da "l" da "n" da "s", waɗanda Hausa take iya haƙuri da su: fetur, totur, bawul, lasin.

Da zarar kalma ta shigo, sai a ba ta jinsi da jam'i. Wadda ta ƙare da "a" takan zama tamata: mota ta tsaya, taya ta fashe, giya ta ƙi shiga, salansa ta ɓule. A jam'in mota ana ganin ganɗantawa, inda "t" ta koma "c" a gaban "i", aka sami motoci, daidai da yadda ƙasa take ba da ƙasashe da canjin "s" zuwa "sh". Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce bakanike. Bahaushe ya ji kalmar Ingilishi mai farawa da "ma", ya ce makaniki. Daga baya wasu suka ɗauki gaɓar farkon a matsayin ɗafa-goshi, suka musanya ta da "ba" irin ta Bakano da baduku, sai jam'in ya zama kanikawa, kamar Kanawa da dukawa. Ga kalma nan an yanka ta a inda masu ita ba su taɓa yankawa ba, kuma ta zauna daram.

Ba duka ne aro ba. Baƙin mai ƙirar gida ce, haka juye, wato zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. In inji ya lalace gaba ɗaya sai a ce ya buga. Mota mai silinda huɗu kuwa ba a kiranta da silinda, sai a ce mai fulogi huɗu, an ɗauki ƙaramin sashe da ido ke gani an wakilta babban da ke ɓoye. Akwai kuma wani abin tace hayaƙi da ke cikin bututun salansa, wanda kanikawan ƙasar nan suke kira Indomie saboda cikinsa ya yi kama da taliyar nan. A riƙe sunan, zai dawo a gaba.

A kula da tarkon rubutu. Taya ta mota da taya ta ciniki iri ɗaya ake rubuta su, amma ta mota wasalinta na farko dogo ne, ta ciniki gajere. Haka giya ta mota da giya ta kwalba, sai muhallin magana ya raba su a takarda.

Wace mota, kuma da nawa?

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙirga abin da ke hannunsa kaf ya ce motar wannan kuɗi yake nema. Shawarata ita ce a kasa kuɗin kashi biyar, a sayi mota da huɗu, a ɓoye ɗaya. Ba tsohuwar motar da za ta shigo hannunka ba ta nemi wani abu a watan farko ba: juye, taya ɗaya ko biyu, batir, takalmin birki, canjin takardu da inshora. Wanda ya zuba komai a kan saye, ranar da famfon mai ya tsaya sai ya kafe motar a ƙofar gida ya koma hawan danfo, ga kuɗi sun tafi ga ƙafa ba ta huta ba.

Abu na biyu, a tambayi kayan gyara kafin a tambayi mota. Mai zaune a Legas ya leƙa Ladipo, na Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya shiga Panteka, ya tambayi kuɗin injin motar da yake so, da giyarta, da fitilarta ta gaba. In masu kaya uku suka ce sai an aiko daga waje, to arahar motar ta banza ce. Wannan ne dalilin da ya sa manyan motocin alfarma da suka tsufa suke faɗuwa warwas a farashi, alhali ƙaramar Corolla mai shekarunsu tana riƙe da darajarta. Mai ƙaramin ƙarfi yakan ga Marsandi ko wata babbar jif a kuɗin Corolla ya ce ya tsinci dami a kala. Sayenta ne kawai ya yi araha, ciyar da ita yana nan a farashin masu kuɗi.

Ni dai a ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a kan fulogi huɗu, kuma ya nemi irin motar da ta cika titin garinsu, wadda ko a ƙauye ta tsaya za a sami yaron gareji da ya taɓa kwance irinta. Toyota Corolla da Camry, da Honda Civic da Accord, da Golf ta Volkswagen, duk sun shiga wannan sahu, kamar yadda Fijo 504 ta kasance a zamaninta. Ga ɗan lissafi na misali kan shan mai. A ce mota ɗaya tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗaya kuma lita 13. Mai tafiyar kilomita 1,000 a wata zai sayi lita 80 a ta farko, lita 130 a ta biyu. Bambancin lita 50 ne a wata, lita 600 a shekara. Kowa ya ninka wannan da kuɗin lita a gidan man unguwarsu, zai ga cewa rangwamen da aka yi masa ranar saye bai kai ya rufe ramin ba.

A nan ma sai an san harshe, domin ba da shekara ake kiran motocin ba, da laƙabi ne. Accord ta farkon shekarun 1990 ita ce Hala, ta 2003 zuwa 2005 ita ce End of Discussion, wadda ta biyo ta kuma Discussion Continues, sai ta 2008 da aka sa wa Evil Spirit saboda yanayin fuskarta. Camry ta 1992 zuwa 1996 ita ce Orobo, kalmar da ake kiran mai ƙiba da ita a nan Kudu, ta ƙarshen shekarun 1990 kuma Pencil saboda siririyar fitilarta. Waɗannan laƙabai yawancinsu a Kudu aka raɗa su suka haura Arewa yadda suke, kuma suna da amfani, amma suna da haɗari. Laƙabi ɗaya yakan rufe shekaru uku ko biyar, kuma akwai masu canza fitilu da bamba su mai da tsohuwar ƙira ta yi kama da ta bayanta. Abin da ba ya ƙarya da sauƙi shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada su rikice da 1 da 0. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, K Koriya, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma yana nuna shekarar ƙira: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Ana ganin lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa. In ta wuri ɗaya ta saɓa da ta ɗaya wurin, ko ta saɓa da ta takarda, a yi sallama a tafi.

Maganar dillali

Dillali da la'ada duka daga Larabci muka aro su, kuma sun girmi mota a kasuwar Hausa nesa ba kusa ba. Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa yake yi, kuma akwai masu amana a cikinsu da yawa. Amma la'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki, don haka harshensa yana karkata wajen da cinikin zai faɗa. Ga wasu dabarun da ya kamata ɗalibin harshe ya iya warwarewa.

Na farko shi ne tsigalau, wato ɗan da 'yar. A nahawu aikinsu ƙanƙanta abu. A bakin mai sayarwa kuwa aikinsu ƙanƙanta aibi. "Akwai ɗan gyara." "Tana ɗan hayaƙi da safe." "Wata 'yar ƙara ce a ƙafa." Babu awon da ke cikin wannan ɗan. Zai iya zama kuɗin fulogi, zai iya zama kuɗin inji. Duk inda aka ji shi, sai a cire shi a maimaita jimlar ba tare da shi ba, a ji yadda take sauka a kunne: akwai gyara, tana hayaƙi, akwai ƙara a ƙafa.

Na biyu shi ne wakilin suna na boye-mai-aiki, wato "an". "An ɗan taɓa ta a gaba." Wa ya taɓa ta, da me, kuma yaushe? Jimlar ba ta faɗa ba, kuma don kada ta faɗa aka gina ta haka. Ga kuma shi kansa aikatau taɓa, wanda yake ɗaukar komai tun daga gogar ɗan acaba har zuwa karo da tirela. Maganin "an" shi ne tambaya mai neman suna da adadi: wane ɓangare aka canza, fitila ce ko har da ƙarfen da ke riƙe da lagireto, jakar iska ta fashe ko ba ta fashe ba?

Na uku shi ne kalma mai ma'ana biyu. "Tana ɗan shan mai." Wane mai? In fetur ne, magana ce ta aljihu. In baƙin mai ne, magana ce ta ringi da fistin, wato injin yana hanyar kwanciya. Mai sayarwa ya faɗi gaskiya, kuma gobe in ka dawo zai ce ai na gaya maka. Haka "ba ta da komai", wadda ake nufin ba ta da matsala. Na sha jin masu barkwanci suna cewa jimlar gaskiya ce, domin in ka buɗe za ka tarar ba ta da komai ɗin.

Sai kuma shaidar da ba a iya bincikawa: "Motar Hajiya ce, daga gida sai ofis." "Wani Alhaji ne ya ajiye ta, ba ya ma hawa." Ko da gaskiya ne, ba lalle ya zama alheri ba, domin motar da ta daɗe a ajiye robobinta sukan bushe, tayoyinta su tsattsage, birkinta ya kama. Game da na'urar sanyaya mota kuwa, jimlar da kowa ya haddace ita ce "gas kawai take so". Gas ɗin a rufe yake cikin bututu, ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake zurara, kuma da gas ne kawai da mai ita ya zuba kafin ya kawo ta kasuwa. Ta ƙarshe ita ce "wani ya taya jiya, yanzu haka yana hanya da kuɗi". Wannan ba bayani ba ne a kan mota, agogo ne aka ɗaura maka don kada ka sami sukunin kiran bakanikenka.

Gani ya kori ji

Ba a cinikin biri a sama. A je da rana, ba da magariba ba, kuma ba a cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti duk kyau gare shi. A je da bakaniken da kai ka ɗauko, ka biya shi kuɗin ƙafarsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama shi ma yana jiran cinikin ya faɗa.

A nemi a tayar da injin yana sanyi. In ka zo ka taɓa bonet ka ji ɗumi, to an riga an tayar da ita kafin isowarka, kuma yawancin ƙararrakin tsohon inji a tashin farko suke fitowa. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi a dubi allon gaban direba. Fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska da ta baƙin mai dole su kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don ta yi shiru. Motocin da aka yi don Amurka daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana, kuma kuɗin wannan bincike bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin giya.

Sai hayaƙi, wanda shi ma harshe ne mai kalmomi uku. Shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa a kan iska. Fari mai kauri wanda bai daina ba bayan injin ya yi zafi yana nufin ruwa yana shiga inda wuta take, yawanci ta gasket. A buɗe murfin zuba baƙin mai a duba. In aka ga wani abu kamar madara ko kunun gyaɗa, ruwa da mai sun haɗu. In giyar otomatik ce, a duba manta: mai lafiya ja-ja ne, wanda ya yi baƙi yana ƙauri kuwa yana ba da labarin abin da ke ciki. A lura ko fankar lagireto tana tashi tare da makulli ba ta tsayawa. Kanikawa da yawa sukan haɗa ta kai-tsaye, wani lokaci don al'ada kawai, wani lokaci kuma don ɓoye motar da ke zafi.

A jiki, a bi tsagin da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, a ga ko faɗinsa ɗaya ne hagu da dama. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma ba ya kama wurin da aka cike da ƙullun masu gyaran bodi. Sabon fenti a kan tsohuwar mota ba laifi ba ne, amma tambaya ce. A sa a ɗaga motar ko a hau rami da ita a dubi ƙasanta. Motocin da suka fito daga Kanada da jihohin Amurka masu ƙanƙara sukan zo da tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titi, haka ma wadda ta daɗe a bakin teku a nan Legas. A nan ne kuma za a duba Indomie ɗin nan, domin akan yanke shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a yi walda a mayar da bututun fanko.

Motar da ta nutse a ambaliya ita ce na fi tsoro, domin tana iya tashi lafiya yau, wayoyinta su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har shekara. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya ci a Amurka sun bi ta gwanjo, kuma mu ma nan damina ba ta raga wa Legas. A ɗaga kafet a sunsuna, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai tabon laka, a duba ramin safayar taya. A kuma guji motar da aka juya wa sitiyari. Tun ran 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da aka ƙera don Ingila ko Japan sai an ciro sitiyarinta an mayar hagu, kuma rayuwar mutum ba abar jingina wa waldar da bai ga yadda aka yi ta ba ce.

Agogon tafiya ana iya mayar da shi baya, saboda haka a gwada abin da ya nuna da cinyewar robar birki da sitiyari da kujerar direba. A tuna kuma motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa ya kai kimanin kilomita 1.6. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa: alƙaluma huɗu ne a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Daga nan sai a hau titi, a bi mai gargada a saurari ƙafafu, a bi mai santsi a ji yadda giya take canzawa, a taka birki a ga ko motar tana fizga gefe.

Takardu da rufe ciniki

Mota mai lafiya da takardun bogi ba taka ba ce, aro aka ba ka kafin masu ita ko kwastan su zo. A nemi takardar biyan kuɗin kwastan, a kai ofishinsu a tantance, domin ta jabu ta yi yawa. A nemi shaidar mallaka da lasin mota da takardar ingancin hawa titi da inshora. Kuɗin inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, an ɗaga shi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023. In motar hannu ce, a ga mai ita ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya dace da na takarda. "Mai ita ya yi tafiya" jimla ce da ta kai mutane da yawa ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, a sa shaidu, a biya ta banki don a bar sawu, sannan a yi canjin mallaka ba tare da jinkiri ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki, kuma a fiƙihu mai saye yana da damar mayar da kaya in aka ɓoye masa aibi. Amma aibin da aka faɗa maka, ko da da tsigalau aka faɗe shi, zai yi wuya ka ce an ɓoye.

Shi kansa cinikin yana da tsarinsa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka in bai yi masa ba, a ƙara, har ya ce ya sallama. A yanke maganar la'ada tun kafin a kai nan: nawa ce, kuma wa zai biya. Ga mai nazarin aikatau, wannan fage ne na ganin azuzuwan da Parsons ya tsara a 1960 suna aiki a saiwa ɗaya. Na sayi mota, aji na biyu. Ya saye motocin duka, aji na huɗu. Ya sayar da ita, aji na biyar. Ya sayo ta daga Kwatano, aji na shida. Motar ta sayu, aji na bakwai. A wannan aji na bakwai ne tambayar da ta fi kowace muhimmanci take, wadda za ka ja bakanikenka gefe ka yi masa: wannan motar tana gyaruwa?

Ga ɗan aiki ga 'yan ajin nazarin kalmomi. Kowa ya je gareji ko tashar da Hausawa suke aiki a garin da yake, ko Agege ce ko Mile 12 ko Sabo ta Ibadan, ya tattaro sunayen sassan mota ashirin yadda ake furta su. Ya ware waɗanda suka zo kai-tsaye daga Ingilishi, da waɗanda suka biyo ta Yarabanci ko Ibo ko Burokan, da waɗanda Hausawa suka ƙera da kansu, ya nuna jinsi da jam'in kowace, sannan ya sa mata karin sauti da tsawon wasali.